Ladi Ta Fito Wanka

Ni dai tsuntsu, in ba a cikin miya ba, bai taɓa damuna ba. Gara in faɗi wannan tun farko. Mahaifina ne mai son su. Mutum ne da zai bar tuwo ya huce saboda wata 'yar mitsitsiyar aba mai fiffike ta sauka a bakin ruwa, kuma in ka buɗe baki za ka yi magana sai ya ɗaga maka hannu, wai kada ka kore ta.

Gidanmu a Daura yana gefen wani babban kududdufi, irin ramin nan da kakanni suka yi ta haƙar ƙasar gini har ya yi faɗi ya yi zurfi. Da rani ba komai a cikinsa sai awaki da leda. Amma da zarar damina ta kankama sai ya cika ya batse, ga gidaje sun kewaye shi ta ko'ina, wasu ma har ruwan yana lasar gindin katangarsu. Ta wajenmu akwai wata tsamiya a kan ɗan tudu. Can tsallake kuma ruwan sama ya sharo yashi ya tara shi wuri guda, fari tas, bai fi a shimfiɗa tabarma goma a kansa ba. Wannan ɗan yashin shi ya ja mana.

Baba aikin gandun daji ya yi har ya ajiye. Ya zauna a ƙasashen kudu, wajen manyan koguna, kuma a can ne wani baƙo da ya yi wa jagora ya bar masa madubin hangen nesa, mai ido biyu da igiyar ratayawa. Idon hagu ya tsage, saboda haka kullum sai ya runtse ido ɗaya in zai duba. Amma abin da ya ɗauka a matsayin aikinsa na gaske shi ne ladanci. Tun da ya dawo gida, ina 'yar ƙarama, shi ke kiran salla a masallacin unguwarmu. Muryarsa ba mai zaƙi ba ce, tana da kaushi, sai dai tana kai wa nesa kuma ba ta taɓa makara ba. Mata a cikin gidaje da ita suke sanin lokacin ɗora tukunya. Ba a kiransa da komai a unguwar sai Malam Ladan, har na girma ina zaton sunansa ke nan.

Tsakanin la'asar da magariba kuwa lokacinsa ne, ba mai taɓa masa. Zai ɗauki buzunsa da madubin da wani tsohon littafin rubutu, ya hau tudun nan ya jingina da tsamiya. A littafin yake rubuta ranar da kowane tsuntsu ya iso da ranar da ya daina ganinsa, da ajami, da rubutunsa mai kwanciya. Shamuwa ce ke fara zuwa. Sai belbela da zalɓe, sai kirinjijiya, sai zakaran ƙeƙuwa mai tsiwar tsiya, wanda ko akuya ce ta gitta sai ya yi mata masifa. In gero ya fara fitar da kai, sai wasu ƙananan masu ruwan ƙasa su sauka, masu siraran ƙafafu, suna ta caccakar laka ba hutu. Baba ya ce bai taɓa jin sunansu da Hausa ba, don haka ya sa musu 'yan ci-rani.

“Uwata,” haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, “wannan da kike gani bai kai ɗan tsako ba, amma hamada ya ƙetaro da fiffikensa. Ke kuwa Katsina kika je a mota kika kwana biyu kina kukan baya.”

“To Baba, shi wa ya aike shi?”

Sai ya yi dariya ya ce ba ni da rabo.

Amma duk cikinsu akwai wadda ya fi so, ladin kogi. A kudu ya san ta, kuma a can ya koyo sunan, don a wajenmu ba kogi, ba wanda ya taɓa jin sa. Ya ce a kan yashin manyan koguna take zama. In damina ta yi ƙarfi koguna suka cika suka haɗiye yashin, sai ta yo arewa neman inda za ta sa ƙafa. Ba kowace shekara take zuwa kududdufinmu ba, sai ta ga dama. Shi kuma don sabo ya yanke “kogi” ɗin ya yar. Ladi kawai yake ce mata, a baki da a littafi. A gidanmu kowa ya san wace ce Ladi. Inna ma tana tsokanarsa, in ta ga ya dawo fuska ba walwala sai ta ce, “Yau ma ba ta zo ba ke nan?”

Abin ya faru ne a damina ta biyu bayan an ƙaddamar da shari'a. Waɗanda suka rayu a lokacin sun san yadda gari ya koma. An rufe wuraren da ya kamata a rufe, hijabi ya yi yawa, kowane shago kaset ɗin wa'azi ke tashi. Baba yana cikin waɗanda suka fi kowa murna, ni ma haka. Sai dai kuma idon mutane ya ƙara kaifi a kan juna, kowa ya zama mai gadin ƙofar maƙwabcinsa. Ba shari'a ce ta yi mana abin da aka yi mana ba. Da ma ita ce, da na san ƙofar da zan je in buga.

Lokacin ina da aure, ina koyarwa a firamare, gidan mijina layi biyu ne daga gidanmu. Wata Talata da yamma na fito zan je gaida Inna, sai na hango Baba a kan tudu ya miƙe tsaye, yana yafito ni da hannu. A ƙasan tudun 'yan acaba uku suna wanke baburansu a bakin ruwa, kamar yadda suka saba.

“Uwata! Zo, zo maza, amma kada ki yi gudu!”

Na hau ina haki. Idonsa ɗaya yana kan madubin.

“Ladi ce! Wallahi Ladi ce ta fito wanka! Kullum ina zaune a nan ina jiranta, yau Allah Ya nuna mini. Dubi yadda ta sha kwalli. Dubi ƙirjin nan, ga baƙar sarƙa a wuya. Kai, Allah Ya yi halitta a nan!”

Shi a zatonsa raɗa yake yi. To ladan ya iya raɗa ne? Muryar da ake ji a ƙarshen unguwa!

Ya miƙo mini madubin. Na daɗe ina lalube kafin in same ta. 'Yar ƙarama ce, ba ta kai kurciya ba. Kanta baƙi, da farin layi a saman ido, bayanta toka-toka, ƙirjinta ja-ja mai haske, ga baƙin zare ya kewaye shi. Ta ruga a kan yashin da gudu, ta tsaya cak, ta tsoma cikinta a ruwa ta girgije. Ni da ba na son tsuntsu, sai da na ce, “Kai Baba, wannan kam ta haɗu.”

Abin da ban kula da shi ba, alhali yana cikin madubin, shi ne abin da ke bayan yashin. Wata katangar ƙasa ce da ruwa ya cinye mata kai, aka toshe gurbin da zana. Bayan zanar kuma makewayin wani gida ne, gidan wani mai fataucin dabbobi. Matarsa ran Lahadi aka haife ta, kuma duk unguwa da sunan ranar ake kiranta. Na san ta sarai, aji ɗaya muke a Islamiyyar matan aure. Wallahi tallahi ko a raina ba ta faɗo ba.

Ɗaya daga cikin masu wankin babur ya miƙe, tsumma a hannunsa yana ɗiga, yana kallonmu. Ƙanin mijin matar ne. Na gan shi da idona. Na ɗauka shi ma tsuntsuwar ce ta burge shi, har na yi masa murmushi a cikin hijabi. Har yau in na tuna wannan murmushin sai in ji kamar in mari kaina.

Kwana uku ba mu ji komai ba. Inna ce ta fara lura. Ta je gidan suna, tana shiga hira ta mutu. Ta dawo tana tambayata ko an yi wani abu ne. Ran Juma'a da la'asar mijina ya dawo, ya zauna a bakin gado bai cire hula ba, ya ce, “Akwai maganar da ake yi a gari, gara ki ji a bakina.”

Ya faɗa mini yana kallon ƙasa. Wai Malam Ladan leƙen matan mutane yake yi a makewayi. Wai shekara da shekaru zaman da yake a gindin tsamiya ke nan. Wai madubin nan na Turawa ne, yana huda katanga, yana ma tuɓe mutum da kayansa a jikinsa. Wai har littafi yake da shi da yake rubuta sunayen matan.

Na fashe da dariya. Dariya sosai, har da hawaye.

“Tsuntsuwa ce fa! Ina wurin! Ni ya kira ya nuna wa. Wane uba ne zai kira 'yarsa ta taya shi leƙe?”

Mijina ya ce, “An faɗi wannan ma. Cewa ake yi abin ya kai har ba ya jin kunyarki.”

A nan dariyar ta tsaya.

Washegari mai unguwa ya aiko a kira Baba. Ba wanda ya gayyace ni, amma na bi shi. Inna tana cewa ke dawo, zauren maza ne, na ce ko na aljanu ne sai na shiga. Na tsuguna daga bakin ƙofa. A ciki akwai mai unguwa, da limaminmu, da mijin matar, wani dogon mutum mara yawan magana. Ban taɓa jin ya yi faɗa da kowa ba, kuma ranar ma bai ɗaga murya ba. Wannan ya fi ba ni tsoro.

Baba ya ajiye madubin da littafin a kan tabarma. Ya yi bayani tiryan-tiryan, kogi da yashi da damina. Liman ya girgiza kai ya ce shi dai tun da yake bai taɓa jin tsuntsu mai wannan suna ba. Ya ɗauki littafin ya buɗe shafin ƙarshe ya karanta a fili: “Talata bayan la'asar, Ladi ta fito, ita kaɗai. Ta yi wanka sau biyu.”

Na ga jijiyar wuyan mijin matar ta tashi.

“Allah gafarta Malam,” na ce daga inda nake, “don Allah a koma baya. A buɗe shafukan farko.”

Mai unguwa ya harare ni, amma liman ya buɗe. Ya yi ta juyawa har ya kai wani shafi da ya yi ja don tsufa. “Ladi ta iso, su biyu.” Shekara tara ke nan da rubuta shi. Matar kuwa shekara biyu kacal da kawo ta gidan, daga wani ƙauye wajen Kongolam. Lokacin da Baba ya rubuta wancan layin ko tallar nono ba ta isa ɗauka ba.

Mai unguwa ya yi ajiyar zuciya. “To alhamdu lillahi. Ai magana ta ƙare. Dama Malam, ba wanda ya ce ka yi wani abu.”

Na ji sanyi har cikin ƙashina. Na ce shi ke nan. Sai mijin matar ya gyara zama.

“Ranka ya daɗe, na yarda tsuntsu ne. Tambaya ɗaya gare ni.” Ya juya wajen Baba. “Malam, wannan abin in ka ɗaga shi, tsuntsu kaɗai yake gani?”

Na roƙi Allah a zuciyata Baba ya ce e. Sau ɗaya dai a rayuwarsa ya yi ƙarya. Ya kalli madubin.

“A'a. Duk abin da ke gabansa yana gani.”

“Katangata tana gabansa?”

“Tana gabansa. Amma Allah ne shaidata ban taɓa…”

“Shi ke nan tambayata.”

Aka ce a je a gani da ido. Muka ɗunguma zuwa tudun, mutane suna leƙowa daga zauruka. Baba ya ɗaga madubin ya bi yashin daga wannan gefe zuwa wancan, ya sake bi. Ba ta nan. Belbela biyu ne kawai da 'yan ci-rani suna caccakar laka, ko a jikinsu. Ta yi kwana huɗu a wurin, ba ta tashi tafiya ba sai ranar da ake nemanta. Mai unguwa ya karɓi madubin ya kara a ido, ya murɗa yadda aka nuna masa. Na san abin da ya gani: zana, da wani jan zane da aka shanya a kanta, kusa da shi har yana iya ƙirga zaren. Ya yi sauri ya sauke ya miƙa wa Baba, yana goge hannu a riga.

Ba a yanke wa Baba hukuncin komai ba. Ba wanda ya zage shi a fuska. Ana gaishe shi, sai dai gaisuwar ta gajarce. Masu kawo masa goron ɗaurin aure suka riƙa mantawa. Wata tsohuwa da ke aiko masa da fura tun ina yarinya ta daina. Matasan da ke zama a bakin titi, in ya wuce, sai ɗaya ya naɗe hannuwansa biyu ya kara a ido, sauran su ƙunshe dariya. Sau ɗaya na kama su. Na tsaya na wanke su tas, ban bar uban kowa ba. Da labari ya kai gida, Baba ne ya yi mini faɗa.

Na yi yawo, wallahi na yi. Na je kasuwa na nemo wani tsoho mai sayar da busasshen kifi, wanda ya yi sana'ar su a kudu da ƙuruciya. Ina tambayarsa ya ce, “Ladin kogi? Wa bai san ta ba!” Na kusa rungume shi. Na roƙe shi ya zo unguwarmu, ya zo, ya faɗa a teburin mai shayi gaban mutane. Suka ce to, madalla, Allah mai iko. Suka ci gaba da shan shayinsu. Na je wurin kawun mijina, malami ne da ya san fiƙihu, na ce ƙara zan kai, ƙazafi aka yi wa ubana, ai yanzu akwai shari'a. Ya saurare ni har na gama.

“'Yata, wa za ki kai? Wa ya tsaya ya ce ya aikata alfasha? ‘Ana cewa’ ba ya zuwa gaban alƙali. Kuma ke 'yarsa ce, shaidarki a kansa ba ta da nauyin da kike zato.”

Duk da haka na faɗa wa Baba zan kai ɗan acaban nan, ko ba komai ya ji tsoro. Baba yana gyaran carbinsa da ya tsinke, bai ɗago ba.

“In kika kai, sunan wa za a kira a gaban alƙali? Nawa kaɗai?”

Ya ɗaure zaren carbin, ya ci gaba.

“Yarinyar nan ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Ni na kira sunanta a bakin ruwa, ko da ba ita nake nufi ba. Ba za a sake kiransa a kotu saboda ni ba. Ki bar shi, Uwata.”

“Baba, mutuncinka fa!”

“Na ce ki bar shi.”

Na fita tsakar gida na yi kuka don haushi. Haushinsa, haushin garin, har da haushin tsuntsuwar.

Bayan kamar sati uku wani mai hali ya saya wa masallaci lasifika. Liman ya zo gidanmu da kansa da hantsi, da fara'a, ya ce jama'a sun ga shekaru sun ja, ya kamata a hutar da Malam. Akwai wani matashi da ya dawo daga karatu, ya iya da na'urar. Baba ya ce Allah Ya saka da alheri. Ya raka shi har bakin titi.

Ina gidan ranar. Azahar na gabatowa sai na ga Baba ya ɗauki buta ya yi alwala, ya sa hula, ya nufi zaure kamar kullum. Jikinsa ne ya manta, ba shi ba. Ya sa takalmi ɗaya, yana laluben ɗayan da ƙafa, sai lasifika ta yi ƙara, wata siririyar murya ta ɗauki kabbara. Baba ya tsaya a haka, takalmi ɗaya a ƙafa. Sai na ji yana amsawa a hankali, jimla bayan jimla, yadda ake so mai sauraro ya yi. Na yi shekara ashirin da biyar a duniya, ban taɓa jin ubana yana amsa kiran salla ba sai ranar. Inna ta shige ɗaki ta ja labule.

Madubin ya naɗe shi a tsumma ya ba Inna ta sa a ƙasan akwatinta. Bai sake hawa tudun ba. In zai je gona ma sai ya zagaya ta bayan makaranta, don kada ya bi ta bakin ruwa. Mijin matar kuwa ya rushe katangar ƙasar ya tayar da ta bulo, doguwa, ko mai raƙumi ba zai hango ciki ba. Ita kuma ta daina zuwa Islamiyya.

Sai bayan wata bakwai na gan ta, a wani gidan biki. Na yi niyyar kauce mata, don ban san abin da zan ce ba. Ina neman takalmina a bakin ƙofa sai na ji an riƙe mini hijabi. Ta rame.

“Yaya, ki ce wa Baba ya yafe mini. Ni ban zaɓi ranar da aka haife ni ba.”

Na ce, “Haba, ke me kika yi?”

Ta waiga hagu da dama, ta matso. “Yanzu da sunan yanka ake kirana, maigida ne ya ce. Amma don Allah, da gaske tsuntsuwar tana da kyau?”

Na ce mata tana da kyau ƙwarai. Ta ce ita ba ta taɓa ganinta ba. Tsakaninta da yashin nan taku biyar ne.

Da na isar da saƙon, Baba ya sunkuyar da kai. Daga baya ya ce, “Ita ce za ta yafe mini bakina.”

Na daɗe ina ce wa kaina abin zai wuce. Mutane suna mantuwa, wata rana za a zo a ce Malam dawo bakin aikinka. Damina ta zagayo. Wata rana aka yi ruwa tun safe, wuta ta ɗauke, sabon ladanin kuma ya tafi Kano. La'asar ta yi, ba kira. Baba yana zaune a zaure da alwalarsa, yana duban inuwar katanga, shi da ya san lokaci ba tare da agogo ba. Inuwa ta wuce inda take tsayawa. Na ga ya gyara hula. Na ga ya yi gyaran murya sau biyu. Daga zaurenmu zuwa ƙofar masallaci taku talatin ne, kuma ana hango shi daga can, don ina ganin mutane tsaye suna dube-dube. Ba wanda ya tako. Can sai wani baƙo, mai tallar yadi da ya fake wa ruwa, ya tsaya ya yi kiran, muryarsa ko layinmu ba ta cika ba. Baba ya amsa masa har ƙarshe. Ya tashi ya tafi, ya tsaya a sahun baya.

Ranar na daina jira.

Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne, tun farkon wannan daminar na canza hanya. Ni da ba na son tsuntsu, kullum sai na bi ta gindin tsamiya in zan je gida. Ba madubi, ba tsayawa. Sai in sunkuya kamar ina cire ƙaya a takalmi, in saci kallon tsallake, gabana yana faɗuwa kada a ce 'yar ma ta gada. Shamuwa ta zo, kirinjijiya ta zo, 'yan ci-rani suka sauka. Nakan faɗa masa a fakaice, shi kuma ya yi kamar bai ji ba. Amma in na dawo washegari sai in ga littafin ya canza wuri.

Gero yana gab da nuna na gan ta. Ko ba madubi na gane gudun nan da tsayawa cak. Su biyu ne, a gindin sabuwar katangar bulo. Ban san lokacin da na isa gida ba.

“Baba, ta zo.”

Yana zaune a zaure. Kafin ya ce komai sai da ya leƙa ƙofa, ya dubi titi hagu da dama. Sannan ya dawo ya yi magana ƙasa-ƙasa. Ashe ya koyi raɗa.

“Ita kaɗai?”

“Su biyu.”

“A kan yashin?”

“A kan yashin. Baba, tashi mu je. Minti ɗaya. Ba sai da madubi ba, ni zan tsaya a gabanka.”

Ya girgiza kai. Ya ce in miƙo masa littafin. Ya ɗora a gwiwa, ya lashi bakin fensir yadda ya saba, ya rubuta. Da ya gama na karɓa na duba. Ya rubuta ranar, ya rubuta “bayan azahar”. Sai ya tsallake wuri kamar faɗin yatsa biyu, sannan ya rubuta “ta iso, su biyu.”

Ya rayu shekara shida bayan wannan. Bai sake kiran salla ba, bai sake hawa tudun ba, kuma ban sake jin sunan a bakinsa ba. A cikin shekarun ta zo sau biyu, ni na gano masa, kuma duk sau biyun haka ya bar wurin fili.

Littafin yana wurina. Na sha ɗaukar biro zan cike masa, sai in tuna ya ce in bar shi.